Doki 40 Ya Sauka, Doki 30 Ya Hau: Yadda Na Sauya Wa Jirgina Inji

Jirgina na ruwa ƙarami ne, na faiba, tsawonsa ƙafa 14, wato mita huɗu da 'yan kai. Yana da sitiyari, yana kuma ɗaukar mutum huɗu ba tare da ya nuna gajiya ba. Da injinsa na saye shi, irin wanda ake ratayawa a bangon baya, mai ƙarfin doki 40, mai bugu biyu, wato wanda ake gauraya wa fetur da man inji a tanki ɗaya. Ƙirar farkon shekarun 1980 ne. Ya yi aiki iya aiki, amma daga baya sai ya koma ba ya tashi sai an yi ta fama, in ya tashi kuma da zarar na sassauta totur sai ya mutu. Injin da zai mutu maka daidai lokacin da kake matsowa gaɓa, iska tana tura ka kan duwatsu, ba injin da za ka ɗauki iyali a kansa ba ne.

Bakaniken da ke duba min shi dattijo ne, ba ya son dogon bayani. Ya kwance fulogai, ya ɗaura agogon gwada matsi a kowace silinda. Ɗaya ta ba da 120, ɗayar 85. A ƙa'ida bai kamata bambancin da ke tsakanin silindoji ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Na ce, "Baba, a buɗe shi ne?" Ya ce, "Malam, in ka ce in buɗe zan buɗe. Amma fistin da ringin wannan, sai dai mu jira wani irinsa ya mutu mu cire nasa." Ban ƙara tambaya ba. Gyaran da kayansa ya dogara ga mutuwar wani inji ba gyara ba ne da zan miƙa masa raina a tsakiyar ruwa.

Duk wanda na gaya wa, amsarsa ɗaya ce: 40 ta fita, 40 ta shiga. Wasu ma cewa suke in ƙara ya zama 50, tunda a wurin kamfanoni da yawa injin 40 da na 50 jiki ɗaya ne, nauyinsu ɗaya, saiti kawai ya raba su. Maganar 50 ba ta yi nisa ba. A cikin jirgin, kusa da mazaunin direba, akwai ɗan allon ƙarfe da maƙerin ya manna, wanda ke faɗin iyakar mutanen da jirgin zai ɗauka, da iyakar nauyi, da iyakar ƙarfin inji. A Amurka doka ce ta wajabta wannan allo a kan mafi yawan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba, jiragen da aka ƙera don kasuwar Turai ma suna da irin nasu. Nawa ya ce 40. Wannan lamba ba shawara ba ce. Jirgin da aka ɗora wa ƙarfin da ya fi ƙarfinsa yakan kufce wa mai tuƙi a kwana, bangon bayansa yana shan wahalar da ba a gina shi don ita ba, in kuma tsautsayi ya auku kamfanin inshora na iya kafa hujja da shi ya zame. Na san mutane na yi. Ni ba zan yi ba.

To, saura 40. A nan ne aikin ya ɗauke ni lokaci, don allon ya faɗi ƙarfi amma bai faɗi abin da ya fi damun ƙaramin jirgi ba, wato nauyin da ke rataye a can ƙarshen bayansa.

Lokacin da aka zana jirgina, kusan duk injinan waje masu bugu biyu ne. Ba su da bawul, ba su da kamshaf, ba su da tukunyar mai a ƙasa, shi ya sa ba su da nauyi. Tsohon nawa kilo 70 ne da 'yan kai. Aibinsu shi ne masu kafireto cikinsu suna fitar da wani kaso na fetur ba tare da ya ƙone ba, ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma cikin ruwa yake ƙarewa. Saboda haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara matsa wa masu ƙera su daga 1998, tana ƙara tsananta ƙa'idar har zuwa 2006, Turai ma ta bi da nata dokokin. Daga nan kasuwa ta karkata ga masu bugu huɗu. Sun fi tsimin mai, ba hayaƙi, ba hayaniya, suna tsayawa lafiya a ƙaramin gudu. Amma mai bugu huɗu na doki 40, a yawancin kamfanonin da za ka duba, silinda uku ne, nauyinsa yana kewayen kilo 100. Wato zan ƙara wa bayan jirgina kusan kilo 30 ke nan.

Kilo 30 ba komai ba ne in a tsakiyar jirgi aka ajiye shi. A ƙarshen baya, a wajen jirgin ma, wani abu ne daban. Ban so in yi ta lissafi a takarda ba, sai na gwada da idona. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka na cika jarkoki da lita 30, na ɗaure su a jikin tsohon injin yana rataye a wurinsa, jirgin yana kan ruwa, tankin mai a cike, batir a mazauninsa. Na sa wani ya zauna a kujerar baya, ni kuma na tsaya daga gefe ina kallo. A gaban inji akwai ɗan kwarmin da ke tare ruwan da ya fantsamo, yana da ramuka biyu da ruwan ke komawa waje ta cikinsu. Da jarkokin nan, ramukan sun sauko har suna shafar ruwa, ɗan motsi kaɗan sai ruwa ya shigo ta inda ya kamata ya fita. A ruwa mai kwanciya ke nan. Na tuna yadda igiyar da jirgi ya tayar take biyo shi ta doki bayansa idan aka saki totur farat ɗaya. Na kwance jarkokin, ramukan suka koma sama da ruwa da kusan faɗin yatsu uku. Daga wannan gwajin maganar mai bugu huɗu na doki 40 ta fita daga raina.

Hanya biyu ta rage. Ko in sake sayen mai bugu biyu na 40, ko in sauko zuwa mai bugu huɗu na 30, wanda a yawancin kamfanoni nauyinsa da na tsohon kusan ɗaya ne.

Ba zan raina mai bugu biyu ba. Har yanzu ana ƙera su don ƙasashen da doka ba ta hana ba, irin su Yamaha Enduro, kuma masunta da masu fito da yawa a duniya da su suke neman abinci. Akwai dalili. Ba su da sarƙaƙiya, bakanike zai warware kafireto a bakin ruwa ya wanke ya mayar, suna jure man da ba shi da kyau sosai, suna da zafin tashi. Wanda ke aiki nesa da inda ake samun mai na'urar duba inji, ina ganin har gobe shi ne zaɓinsa. Ni amfanina daban ne. Yawancin lokacina a ruwa a hankali nake tafiya, ina jan ƙugiya ko ina zagayawa da yara, kuma a irin wannan tafiyar ce mai bugu biyu ya fi ɓarnar mai, ya fi jiƙa fulogi, hayaƙinsa ya fi dawowa kan mutane. Na gaji da auna man inji kashi ɗaya cikin hamsin duk lokacin da zan zuba fetur. Ba na kuma jin daɗin ganin kyallin mai yana bin bayan jirgina a ruwan da nake kama kifi a ciki.

Abin da ya rage ya tsaya min shi ne ko doki 30 zai iya ɗaga jirgin ya miƙe a saman ruwa da mutum huɗu. Duk mai ƙaramin jirgin gudu ya san wannan gaɓar: jirgi ya ɗaga hanci yana turo ruwa, yana ta nishi, sai can ya haye ya kwanta ya fara sulɓi. Injin da ba zai iya haye wannan gaɓar ba ya fi babba shan mai, don kullum a matse yake. Abu biyu suka kwantar min da hankali. Na farko, kafin tsakiyar shekarun 1980 a kan inji ake auna ƙarfin doki, kafin ya bi ta giya ya rage. Daga baya aka koma aunawa a sandar farfela. Ke nan 40 ɗin da ke rubuce a murfin tsohon injina, da ma'aunin yau ba ta cika 40 ba ko a ranar da yake sabo. Na biyu, da silindarsa ɗaya mai rauni ya daɗe yana ɗaga jirgin, ko da yake da kyar. In injin da ya gaji haka ya iya, lafiyayyen 30 ba zai kasa ba. Dattijon ya yarda da wannan lissafi, ya ƙara da cewa, "Sai dai ka kula da farfela, a nan za a yi ta."

Awon ƙafar inji, wato sashensa da ke sauka cikin ruwa zuwa farfela, bai ɗauki lokaci ba, amma shi ne wanda ba a gyara shi in an kuskure. Injinan waje suna zuwa da tsawon ƙafa iri-iri: gajere inci 15, dogo inci 20, sai mai inci 25 na manyan jirage. Ana sa tef daga saman bangon baya, daidai inda inji ke zama, zuwa ƙasan jirgi a tsakiya. Nawa inci 20 ne. Abin da ake nema shi ne faffaɗan farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ƙafar ta yi gajarta farfela za ta riƙa shaƙar iska tana juyawa a banza, famfon sanyaya inji ma ya rasa ruwa. In ta yi tsawo za ta riƙa jan jirgi baya, tana watsa ruwa, tana kuma karo da duk abin da ke ƙasa.

Da aka sauke tsohon injin na samu damar duba bangon da kansa, kuma ina roƙon duk mai sauya inji kada ya tsallake wannan. A yawancin tsofaffin jiragen faiba, katako ne a cikin bangon baya, faiba ta lulluɓe shi ciki da waje. Ruwa yana bi ta ramukan ƙusoshi ya shiga, katakon ya ruɓe a ɓoye, daga waje kuma komai fes. Mun bi shi da ƙaramar guduma muna ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya sautin a tsaye yake, inda ya ruɓe sai ka ji kamar fanko. A kewayen ramin ƙasa na hagu sukundireba ya shige cikin katako mai laushi, baƙi, mai danshi. Allah ya taimaka bai yi nisa ba. Aka ƙwaƙule wurin, aka bar shi ya bushe sarai, aka cike da gam mai ƙarfi na efoksi. Da ruɓewar ta cinye bangon, da sai dai a ajiye maganar inji a fara ta jirgi.

Na duba na hannu kafin in tsaya kan sabo. Wani mai bugu huɗu na 30 da aka nuna min, murfinsa na sheƙi, ya tashi nan take. Na roƙi mai shi mu kwance ƙusar man giya ta ƙasa. Man da ya fito fari-fari ne, ya kaɗe, alamar ruwa ya daɗe yana shiga ta robar sandar farfela. Na tambaye shi yaushe aka sauya robar famfon ruwa, ya ce tunda ya saya bai taɓa buɗe wurin ba. Ita wannan robar takan bushe ta tsattsage ko ana aiki da injin ko yana ajiye, in ta karye kuma inji ya ɗauki zafi cikin 'yan mintoci. Mutumin bai ɓoye min komai ba, bai dai san ana duba waɗannan wuraren ba ne. Amma injin da ba a taɓa duba ƙasansa ba, ban san me ke samansa ba. Na yi masa godiya na tafi. Na hannu yana da kyau idan akwai takardun sabis, aka gwada matsi a gabanka, aka kuma bar ka ka tashe shi da sanyinsa, ba wanda aka ɗumama kafin ka iso ba. Ban samu mai waɗannan duka ba.

Maganar kamfani ita ce mutane suka fi zafafawa a kai, ni kuwa ita ce ta fi yi min sauƙi. Yamaha, Suzuki, Honda, Tohatsu da Mercury duk suna yin mai bugu huɗu na wannan girman, kuma ban ga wanda zan ce a guje shi ba. Honda tun 1964 masu bugu huɗu kaɗai take yi. Tohatsu ita ta fara ƙera injin waje a Japan a 1956, kuma da yawa daga ƙananan injinan Mercury a masana'antar haɗin gwiwarsu da ita ake ƙera su, don haka wani lokaci mutum biyu na gardama a kan inji ɗaya ne mai fenti biyu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne labarin Evinrude. Sunan nan ya faro ne daga Ole Evinrude, wanda injinsa na 1909 ya buɗe wannan kasuwa gaba ɗaya, amma a 2020 kamfanin BRP na Kanada ya daina ƙera shi. In suna irin wannan zai iya tsayawa, to tambayar da ta dace ba wane ne ya fi suna ba ce. Wa ke da wakili kusa da inda jirgina yake, wa ke da filta da robar famfo a kan kanta yau, wa ke da na'urar da zai haɗa da kwamfutar injin in ya ƙi tashi? Da wannan na zaɓa. Injin lantarki ma na leƙa. Ƙananan na Torqeedo da ePropulsion, masu kilowat ɗaya, suna aikin injin doki uku, sun dace da kwale-kwale. Ɗaga jirgi irin nawa na tsawon yini yana son batir masu nauyin da zai mayar da ni kan matsalar da na gudo.

Na ɗauki mai bugu huɗu na 30, doguwar ƙafa, mai injekta maimakon kafireto, mai tashi da makulli amma yana da igiyar ja idan batir ya mutu, mai kuma ɗaga ƙafa da maɓalli. Wannan na ƙarshen ya ƙara 'yan kilo, na yarda da su saboda ina yawan shiga wurare marasa zurfi.

Sai ga abin da ba a faɗa a takardar talla: inji ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwatin totur da giya na tsohon bai dace da sabon ba, wayoyinsa ma haka, sai da aka sauya su duka. Kebur ɗin sitiyari ya yi tauri, tunda an riga an buɗe wurin na sa aka sa sabo. Tiyon mai da famfon hannu sun tsufa, kuma fetur mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba, suka tafi. Na sa matatar da ke raba ruwa da fetur tsakanin tanki da inji, don injekta ba ta yafe datti yadda kafireto ke yafewa. Tsofaffin ramukan ƙusa da ba su zo daidai ba aka toshe su, sababbin aka cika su da gam kafin a zura ƙusoshi, don kada ruwan da muka kora ya dawo. Na kuma sa agogon da ke nuna juyin inji, wanda jirgin bai taɓa samu ba. Duk wanda ke tsara kuɗinsa ya ware wa waɗannan kaso tun farko.

Littafin injin ya ce awa goma na farko na horo ne: a fara a hankali, a riƙa sauya gudu, kada a daɗe a matse. Na bi shi yadda yake. Abin da na fara lura da shi shi ne muna magana a cikin jirgi ba tare da ɗaga murya ba, har nakan waiwaya in duba ɗan ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji don in tabbatar yana aiki.

Bayan horon ne maganar dattijon ta fito. Kowane inji yana da zangon juyin da ya kamata ya kai idan an buɗe totur duka, da kayan da aka saba ɗauka. Na wannan, ƙasansa ya ɗan haura 5,000 a minti, samansa ya ɗan haura 6,000. Da farfelar da ya zo da ita, mai taku inci 13 (wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya), da mutum huɗu a ciki, agogo ya tsaya a 5,000, jirgin kuma ya daɗe hancinsa a sama kafin ya kwanta. Wanda ba shi da agogo a nan zai yanke hukunci cewa 30 ta yi kaɗan. Ba ƙarfin ba ne ya gaza. Takun farfela kamar giyar keke yake: babbar giya tana da daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, amma a hawan tudu da kaya gwiwa take ci. Injin da ake tilasta wa aiki ƙasa da zangonsa yana cin kansa ne a hankali. Rage inci ɗaya na taku yakan ƙara juyi 150 zuwa 200. Muka sa mai inci 11. Da mutanen nan huɗu agogo ya hau 5,400, jirgin ya haye ba tare da na ce kowa ya matsa gaba ba. Ni kaɗai kuma yana kusantar 5,900, bai fita daga zango ba. Mai inci 13 ɗin na ajiye ta a akwati da noti da fil na ko-ta-kwana.

Gudun ƙarshe ya ɗan ragu a kan na tsohon lokacin da yake da lafiya, wannan gaskiya ne, kuma wanda ke jan mai wasan sulɓi a bayansa zai ji bambancin. Ni ba ya cikin abin da nake nema. Tankin da a da nake dawowa da shi kusan fanko yanzu ina dawowa da saura mai yawa, ramukan kwarmin baya suna nan sama da ruwa, injin kuma yana tsayawa a ƙaramin gudu har in ɗaure igiya. Da ya cika awa 20 na kai shi aka juye man inji da na giya, aka sake ɗaure ƙusoshin bango. Sabis na gaba sai ya yi awa 100 ko shekara ta zagayo, duk wanda ya riga.